Lanƙwasar sarari ko kwararar sarari: wane bayanin girabiti ya kamata mai nazari ya kama?

Duk wanda ya ɗauki karatun girabiti da gaske, wato ƙarfin nan da ke dawo da dutsen da aka jefa sama yake kuma riƙe wata a kewayen duniya, ba ya daɗewa bai tsinci kansa a mararraba ba. A makaranta an koya masa cewa jikuna suna jan juna. Daga baya ya ji cewa Albert Einstein ya ce babu wani ja, sarari da lokaci ne suke lanƙwasa. Sai kuma wata rana ya ci karo da rubutu ko bidiyo a intanet da ke cewa duk wannan zagaye-zagaye ne, ainihin abin da ke faruwa shi ne sarari da kansa yana kwarara cikin kowane jiki mai nauyi kamar yadda ruwa ke kwarara cikin rami, kuma wannan kwararar ce take tafiya da mu ƙasa. Bayanin na ƙarshe yana shiga kunne nan take, har mutum ya fara tambayar kansa ko shekarun da zai kashe wajen koyon lissafin Einstein ba asara ba ne.

Na zaɓi kalmar girabiti a nan, na bar "maganaɗisun ƙasa" da mutane da yawa suka saba faɗa, domin maganaɗisu ƙarfe yake ja ya bar itace da takarda, girabiti kuwa babu abin da yake ƙyalewa, har haske.

Abin da ke rikita mai zaɓi shi ne cewa maganar kwararar sarari iri biyu ce, kuma masu yaɗa ta ba kasafai suke rarrabewa ba. Akwai wadda hanya ce ta karanta lissafin Einstein da kansa, akwai kuma wadda take neman ture shi ta zauna a kujerarsa. Saboda haka zaɓin da ke gaban mai karatu huɗu ne: jan Newton, lanƙwasar Einstein, siffar kogi wadda ita ce kwarara iri na farko, da kuma iri na biyu, wato kwararar sarari a matsayin nazariyya mai zaman kanta.

Ma'aunan da za a bi

Na farko tsada. Nazariyya ba a sayenta da kuɗi, amma ana biyanta da lokaci da lissafi, kuma akwai bambanci mai girma tsakanin bayanin da ɗan sakandare zai iya aiki da shi cikin mako guda da wanda sai an yi shekaru a jami'a.

Na biyu ƙarko, kuma shi ne ma'aunin da na fi ba wa nauyi. Ƙarkon nazariyya ba a yawan shekarunta yake ba. Abin dubawa shi ne sau nawa ta faɗi lamba tun kafin a auna, aka je aka auna, aka tarar da abin da ta faɗa. Bayanin da ke jira sai an gama awo sannan ya ce dama haka yake nufi ba a gwada ƙarkonsa ba tukuna, ko da ya shekara ɗari ana maimaita shi.

Na uku sauƙi, wato ko mutum zai iya ganin abin a zuciyarsa, ya kuma bayyana wa wani ba tare da allo ba. Na huɗu haɗari: inda bayanin zai kai mai riƙe da shi ga kuskure alhali yana ganin daidai yake tafiya. Sau da yawa sauƙi da haɗari tare suke zuwa, domin hoton da ya zauna daram a zuciya yana da wuyar sakewa ko da ya wuce iyakar da aka yi shi dominta.

Jan Newton

A shekarar 1687 Isaac Newton ya fitar da ƙa'idarsa: kowane jiki yana jan kowane jiki, jan yana ƙaruwa da nauyinsu, kuma idan nisan da ke tsakaninsu ya ninka sau biyu sai jan ya ragu zuwa kashi ɗaya cikin huɗu. Ta fuskar tsada babu wanda ya kai shi araha, domin da aljebara ta sakandare da ɗan kalkulas mutum zai lissafa faɗuwar dutse, da kewayen tauraron ɗan'adam, da tasowar teku da janyewarsa.

Ƙarkonsa ma ba ƙarami ba ne. A 1846 Urbain Le Verrier ya dubi yadda duniyar Yuranus ke kauce wa hanyar da aka lissafa mata, ya ce lalle akwai wata duniya a wuri kaza da ke janta, ya aika wasiƙa Balin, kuma a daren da wasiƙar ta isa Johann Galle ya hango Neftun ƙasa da digiri ɗaya daga inda aka nuna masa. Lissafin da ya kai mutane wata a 1969 ma mafi yawansa na Newton ne.

Amma yana da iyakoki da aka sani sarai. Wurin da duniyar Makyuri ke fin kusantar rana yana matsawa a hankali, kuma bayan an cire tasirin sauran duniyoyi akwai ragowar sakan 43 na kusurwa a kowace shekara ɗari da lissafin Newton bai iya fitarwa. Sakan ɗaya na kusurwa kashi ɗaya ne cikin 3,600 na digiri, don haka ratar ƙarama ce ƙwarai, sai dai ta ƙi gushewa. Haka kuma idan aka lissafa karkatar hasken tauraro a gefen rana da hanyar Newton, rabin abin da aka auna kawai ake samu, a kan tasirin girabiti a kan agogo kuwa ba shi da abin cewa ko kaɗan. Haɗarinsa kaɗan ne, matuƙar mutum bai ɗauka cewa ja yana tsallaka sarari nan take ba, abin da shi kansa Newton bai taɓa samun natsuwa da shi ba.

Lanƙwasar Einstein

A watan Nuwamba na 1915 Einstein ya kammala nazariyyarsa, inda jiki mai nauyi ke canza tsarin sarari da lokaci a kewayensa, abin da ke faɗuwa kuma yana bin hanya mafi miƙewa ne a cikin wannan tsarin da ya lanƙwashe. Tsadarta ita ce mafi girma a cikin huɗun. Ƙa'idojin lissafi goma ne a sarƙe da juna, kuma kafin mutum ya taɓa su sai ya ƙware a kalkulas mai zurfi da lissafin tensa, wato lissafin jerin lambobi masu bayyana tsarin sarari a kowane wuri, da jometiri na wurare masu lanƙwasa. Wanda ya ce zai koya maka ita cikin awa guda labarinta zai ba ka, ba ita ba.

Ta fuskar ƙarko kuwa sauran ba su kama ƙafarta ba. Ta fitar da sakan 43 ɗin Makyuri ba tare da an ƙara mata komai ba. Ta ce hasken tauraro zai karkata da sakan 1.75 na kusurwa a gefen rana, aka auna a husufin 29 ga Mayu 1919 daga tsibirin Firinsipe da ke gaɓar Afirka da garin Sobral na Barazil, awon kuma ya goyi bayanta, sannan awon rediyo na shekarun baya ya tabbatar da lambar da daidaito mai yawa. A 1960 Robert Pound da Glen Rebka sun auna canjin da girabiti ke yi wa haske a cikin wata hasumiya a jami'ar Harvard. Taurari biyun da Russell Hulse da Joseph Taylor suka gano a 1974 suna matsowa kusa da juna daidai da yadda nazariyyar ta ce za su yi idan suna zubar da ƙarfi ta igiyoyin girabiti, wato girgizar sarari da lokaci mai bazuwa kamar igiyar ruwa, kuma a ranar 14 ga Satumba 2015 na'urorin LIGO a Amurka suka kama waɗannan igiyoyin kai tsaye daga haɗuwar baƙaƙen ramuka biyu, wato wuraren da girabiti ya yi ƙarfin da ko haske ba ya iya fita daga cikinsu. A 2019 aka fitar da hoton inuwar baƙin ramin da ke tsakiyar rukunin taurari na M87, girmanta kuma ya dace da lissafi.

Rauninta yana wajen sauƙi. Hoton da aka fi koyarwa, na ƙwallo mai nauyi a kan shimfiɗar roba, yana da matsala da ɗalibi mai kaifin hankali ke ganowa cikin minti biyu: zai ɗaga hannu ya tambaya, to me ya ja ƙwallon ya lotsa robar, in ba girabitin da ake neman bayyanawa ba? Tambayarsa tana kan hanya. Bugu da ƙari, hoton yana nuna lanƙwasar sarari ne kaɗai, alhali abin da ke sa dutse ya faɗo daga hannu kusan gaba ɗaya daga ɓangaren lokaci yake, wato daga yadda agogon ƙasa ke jinkiri a kan na sama. Wannan giɓin fahimta ne yake tura mutane da dama neman wani bayani, kuma ban ga laifinsu ba.

Haɗarin da ke nan shi ne mutum ya ɗauka an gama komai. Nazariyyar tana tsayawa a tsakiyar baƙin rami inda lambobinta ke tafiya babu iyaka, ba a kuma haɗa ta da kimiyyar kwantam ta ƙananan abubuwa ba, sannan gudun taurarin da ke gefen rukunoninsu, wanda Vera Rubin ta auna a shekarun 1970, yana buƙatar a ƙara wani abu marar haske da ba a kama shi a ɗakin gwaji ba.

Siffar kogi

Nan ne maganar ta fi daɗi, kuma nan zan fi tsayawa. A 1916 Karl Schwarzschild ya warware lissafin Einstein ga jiki guda, mulmulalle, wanda ba ya juyawa. A 1921 Paul Painlevé, masanin lissafi da ya taɓa riƙe muƙamin firaministan Faransa, ya fito da wata amsa mai kama daban, a 1922 kuma Allvar Gullstrand, likitan ido ɗan Suwidin wanda ya ci kyautar Nobel a 1911, ya fito da irinta. Dukansu sun ɗauka sun gano tawaya a aikin Einstein. Sai a 1933 Georges Lemaître ɗan Beljiyam ya nuna cewa amsar Schwarzschild ce ɗin dai, an rubuta ta ne da agogon mai faɗowa daga nesa a maimakon agogon mai zaune a nesa. A 2008 Andrew Hamilton da Jason Lisle suka wallafa bayanin da ya yaɗa wannan karatun da sunan kogi.

Ga yadda yake. Ka ɗauka sarari shimfiɗaɗɗe ne kamar yadda muka saba, amma yana gangarowa cikin jiki mai nauyi ta kowace fuska, kuma gudunsa a kowane wuri daidai yake da gudun kuɓuta na wurin, wato saurin da za a harba abu da shi ya tafi bai dawo ba. A doron duniya kilomita 11.2 ne a sakan, a doron wata kusan 2.4, a fuskar rana kuwa kusan 618. Komai yana iyo a cikin wannan kogin, kuma babu mai iyon da ya wuce gudun haske idan aka auna shi da ruwan da ke gefensa.

Abin da ke fizgar jiki ba gudun kogin ba ne, bambancin gudun ne daga wannan wuri zuwa wancan. Ka tuna ganyen da ke kan kogi yana tunkarar gangare: gudun ruwan a kowane wuri ba ya canzawa daga safe zuwa yamma, amma na gaba ya fi na baya sauri, saboda haka ganyen yana ta ƙara gudu. Idan aka lissafa wannan ƙaruwar a doron duniya, mita 9.8 a sakan cikin kowane sakan ake samu, lambar da kowane ɗalibin fiziks ya haddace. Kuma tunda kogi ba ya tambayar nauyin abin da ya ɗauko, nan da nan mutum zai ga dalilin da ya sa guduma da gashin tsuntsu da ɗan sama jannati David Scott ya saki a kan wata a 1971 suka taɓa ƙasa tare.

Baƙin rami ma yana fitowa fili. Akwai nisan da gudun kogin ke kai gudun haske, kuma shi ne iyakar da ba a dawowa. Da za a matse rana ta zama baƙin rami, iyakar tana kusan kilomita 3 daga tsakiyarta, ta duniya kuwa kusan milimita 9. Hasken da ya juya zai fito daga kan iyakar kamar kifi ne da ke iyo da dukan ƙarfinsa a bakin gangare, yana kaɗa jela amma ba ya gaba. A ciki kuma kogin ya fi shi gudu, don haka duk inda ya fuskanta ciki yake tafiya.

Domin a ga cewa wannan ba ado ba ne kawai, ga lissafin da mai karatu zai iya yi da biro da takarda. A wannan siffar, agogo yana jinkiri gwargwadon gudunsa a cikin kogin. Agogon da ke ajiye a ƙasa kogin yana ratsa shi da kilomita 11.2 a sakan. Idan aka ninka lambar da kanta, kusan 125 ke nan. Tauraron GPS yana kusan kilomita 26,600 daga tsakiyar duniya, inda gudun kogin ya sauka zuwa kusan 5.5, shi kuma yana tafiya a gicciye da kusan 3.9. A ninka kowace da kanta a haɗa: 30 da 15, jimla 45. Bambancin 125 na agogon ƙasa da 45 na agogon sama 80 ne. A ninka gudun haske, kilomita 300,000 a sakan, da kansa, a ruɓanya sau biyu, a raba 80 da abin da aka samu, sannan a ninka da sakan 86,400 na kwana ɗaya. Amsar ita ce kashi 38 cikin miliyan na sakan, kuma ita ce ratar kowace rana da ake gyara wa agogunan waɗannan taurarin. Ba ƙaramar rata ba ce, domin haske yana cin kusan kilomita 11 a cikinta. Ranar da na fara yin wannan lissafin da hannuna lambar ta fito, na fahimci abin da ya sa mutane ke ƙaunar wannan hoton.

To ina tsadarsa? Kaɗan ce, lissafin sakandare da sanin yadda gudu ke rage tafiyar agogo. Ƙarkonsa kuwa aro ne: tunda lissafin Schwarzschild ne da wata riga, yana fitar da sakan 43 na Makyuri da 1.75 na haske ba ragi, amma a cikin iyakarsa kawai, wato a wajen jiki guda mulmulalle. Ga jiki mai juyawa sai an ƙara wa kogin wata murɗa a kowane wuri, sauƙin kuma ya fara raguwa. Ga jikuna biyu masu kewaya juna, ko igiyoyin girabiti da ke miƙa sarari ta wata fuska su matse shi ta wata, hoton shimfiɗaɗɗen sarari mai kwarara ba ya isa. Haɗarinsa guda ne, amma babba: mutum ya manta cewa hanyar karatu ce, ya ɗauka an gano ruwa na gaske.

Kwararar sarari a matsayin nazariyya mai zaman kanta

Wannan ra'ayin ya girmi Einstein nesa ba kusa ba. Newton da kansa, a wani rubutu da ya aika wa ƙungiyar masana ta Landan a 1675, ya yi tunanin wani siririn abu da ke gangarowa cikin duniya yana danno jikuna, daga baya bai gina ƙa'idarsa a kai ba. Bernhard Riemann ya rubuta makamancin haka a 1853, Ivan Yarkovsky kuma a 1888 ya ce jikuna suna shanye wannan abin suna ƙara girma. Masu riƙe da shi a yau suna cewa sarari abu ne na zahiri, jiki mai nauyi yana haɗiye shi, kuma da wannan za a sallami lanƙwasar lokaci, wasunsu ma har suna alƙawarin sallamar abu marar haske.

A ido yana da araha kamar siffar kogi, kuma yana ba da abin da zuciya ke nema, wato dalili na zahiri da za a iya nunawa da yatsa. Sai dai da zarar an ɗauki kwararar da gaske, tambayoyi ke tasowa waɗanda ba na ganin an ba su amsa mai gamsarwa.

Ta farko, ina sararin ke tafiya? Ruwan da ke shiga rami ta kowace fuska, idan ba ya ɓacewa a hanya, gudunsa dole ya ragu sau 16 idan nisa ya ninka sau huɗu, domin faɗin da yake ratsawa ya ƙaru sau 16. Amma gudun da girabiti ke buƙata rabi kawai yake raguwa a wannan nisan. Ma'ana, abin da ke ratsa wancan nisan ya ninka abin da ke isowa doron duniya sau takwas, kashi bakwai cikin takwas sun ɓace a hanya, a fili inda babu wani jiki da zai haɗiye su. Maganar cewa jiki ne ke shanye sarari ta rushe tun daga nan.

Ta biyu, a ɗauki jikuna biyu masu nauyi ɗaya, a ajiye agogo a tsakiyarsu. Kogi ɗaya yana ja dama, ɗaya yana ja hagu, don haka a wurin babu kwarara, kuma bisa ƙa'idar da muka yi aiki da ita a lissafin GPS agogon bai kamata ya yi jinkiri ba. Lissafin Einstein kuwa ya ce jinkirin jikunan biyu haɗuwa yake yi, ba soke juna ba. Haka ma a tsakiyar duniya, inda kwarara daga kowace fuska za ta tsaya cik, nan ne agogo ya fi jinkiri. Mu da ke doron duniya ma muna cikin kogin rana, wanda gudunsa a nan ya kai kilomita 42 a sakan, da na rukunin taurarinmu da ya haura 500. Wanne ne ainihin gudun sararin da ke ratsa ɗakin da kake zaune?

Ta uku ita ce ta fi ƙarfi a wurina. Idan aka juya kogin, aka ce sarari fitowa yake daga duniya da wannan gudun, ƙaruwar gudun faɗuwa ba ta canzawa, dutse zai faɗo ƙasa da mita 9.8 ɗin nan, agogo zai yi jinkirinsa, Makyuri za ta matsa da sakan 43. Babu awon da za a yi a wajen duniya da zai rarrabe shiga da fita. Abin da ba a iya sanin ko gabas ya nufa ko yamma, da wuya a kira shi kogi na zahiri. Masu wannan ra'ayin suna yawan kafa hujja da jawabin da Einstein ya yi a Leiden a 1920, inda ya yarda cewa sarari yana da siffofi na zahiri, amma a wannan jawabin dai ya ce ba za a jingina masa motsi ba.

Saboda haka nazariyyar tana tsakanin abu biyu. Idan ta daidaita kanta har ta ba da lambobin Einstein a ko'ina, to ta koma siffar kogi da ƙarin da'awar da ba a iya aunawa. Idan kuma ta bambanta, sai ta faɗi inda ta bambanta da lamba, ta kuma tsallake awon da aka riga aka yi: jan da juyawar duniya ke yi wa sarari, wanda kumbon Gravity Probe B ya ba da sakamakonsa a 2011, da abin da ya faru ranar 17 ga Agusta 2017, lokacin da igiyoyin girabiti da haske daga karon taurari biyu suka iso da ratar sakan 1.7 kacal bayan tafiyar kusan shekara miliyan 130. Neman wata nazariyya ba laifi ba ne. Mordehai Milgrom ya kawo tasa gyarar a 1983 da lambobin da za a iya gwadawa a kan rukunonin taurari, kuma har yau ana muhawara a kanta a mujallun kimiyya, domin ta ba da abin kamawa.

A taƙaice cikin jadawali

| Zaɓi | Tsada | Ƙarko | Sauƙi | Haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Jan Newton | Lissafin sakandare | Mai ƙarfi, amma ya gaza a Makyuri da haske da agogo | Mai sauƙi | Ɗaukar cewa ja na isa nan take |
| Lanƙwasar Einstein | Shekaru a jami'a | Ya tsallake gwaje-gwaje tun 1915 | Mai wuya, hoton roba na ɓatarwa | Ɗaukar cewa an gama komai |
| Siffar kogi | Sakandare da ɗan ƙari | Na Einstein ne, a wajen jiki guda | Ya fi kowanne | Mayar da hoto abin zahiri |
| Kwarara mai zaman kanta | Araha a fuska, tsada a lokaci | Ba ta da nasarar awo ta kanta | Mai sauƙi har a kai jikuna biyu | Shekaru a kan abin da ba a iya gwadawa |

Wa ya dace da wanne

Ɗalibin sakandare ko na shekarar farko a jami'a, da injiniyan da ke lissafin gini ko harba kumbo, Newton ya ishe su, kuma shi za a tambaye su a jarrabawa. Kada su bar shi sai sun iya fitar da gudun kuɓuta da hannunsu, domin lambar nan ce ƙofar duk abin da ke gaba.

Malami, ko mai rubutu don jama'a, ko mai karatu don sha'awa wanda yake son ya gane dalilin da ya sa haske ba ya fitowa daga baƙin rami, shawarata ya kama siffar kogi ya ajiye shimfiɗar roba. Ya yi lissafin GPS sau ɗaya a gaban ɗalibansa, sannan ya gaya musu a fili cewa hoton na jiki guda ne, ya kuma ba su misalin agogon da ke tsakanin jikuna biyu domin su ga inda ya tsaya.

Wanda ke nufin bincike a kan taurari, ko igiyoyin girabiti, ko farkon halittar sararin samaniya, ba shi da hanyar da za ta kauce wa lissafin Einstein. Siffar kogi za ta taimake shi a watannin farko, musamman wajen gane abin da mai faɗawa baƙin rami ke gani, amma tensa ce za ta zama kayan aikinsa na kullum.

Shi kuwa wanda zuciyarsa ta riga ta karkata ga cewa sarari na kwarara da gaske, ba na ce masa ya bari. Ina ce masa ya fara da koyon amsar Painlevé da Gullstrand sosai, domin ya san wane ɓangare na nasarorin da yake gani mallakar Einstein ne tun asali. Bayan haka ya rubuta ƙa'idar da ke faɗin gudun sarari a tsakanin duniya da wata, ya lissafa da ita abin da agogo zai nuna a can, da yadda taurarin Hulse da Taylor za su matso kusa da juna, ya ajiye lambobinsa a gefen waɗanda aka auna.